Kafin ka ƙara ɗaki jikin katangar maƙwabci, ka san zurfin gindinta

Shekara uku da suka wuce muka tashi ƙara ɗaki biyu a gidanmu na gado saboda ƙanena zai yi aure, kuma filin da ya rage mana shi ne ta gabas, jikin katangar da ta raba mu da maƙwabcinmu, dattijo ne sa'an mahaifinmu, tun muna yara Baba muke ce mishi. Katangar ƙasa ce, ta girme ni nesa ba kusa ba. Magini ya zo ya duba ya ce a tona ramin fondasiyo, wato tushen gini, a jikinta tun daga wannan kusurwa har waccan, metir tara, zurfi santi 80. Kwana biyu yara suka gama tono, sai kuɗin siminti suka tsaya, ramin ya yi kwana shida a buɗe, kuma farkon Yuli ne. Daren na bakwai aka kwana ana ruwa, ramin ya cika fal, da asuba muka ji rugugi. Katanga ta kwanto cikin ramin, wani ɓangaren ya rufta ta wajen Baba kan turken awakinshi, biyu suka mutu. Wurin nan ne jikokinshi ke shimfiɗa tabarma lokacin zafi, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Da hantsi muka shiga ni da kawuna ba shi haƙuri. Ya ce, "Ɗana, da kun tambaye ni ai da na gaya muku, gindin katangar nan bai wuce taƙi biyu a ƙasa ba, ina tsaye aka gina ta." Na ce, "Baba a gafarce mu, laifinmu ne." Maganar tashi ita ta sa na zauna na koyi abin nan wajen maginan da suka daɗe a sana'a da wani injiniya da ya duba mana aikin karo na biyu, shi ne nake so in rubuta don wanda ke shirin ƙari ya tsallake ramin da muka faɗa.

Abu na farko ba tono ba ne, sanin katangar ta waye. A Birni da Zango da sauran tsofaffin unguwannin Damagaram galibi katanga ɗaya ce tsakanin gida biyu, kakanni suka gina ta tare ko ɗaya ya gina ɗaya ya jingina, ba takarda ba komai, shaidar tana bakin tsofaffi da mai unguwa. A sabbin unguwanni da aka yi loti, wato aka yanka filaye, kuwa akwai born, alamar iyaka ta siminti, a kusurwoyin kowane fili, akwai takardar fili da ta faɗi tsawo da faɗi, to nan sai ka nemo born ɗin da idonka, in rairayi ya binne shi a tono shi, in ya ɓace a kira jometir, mai awon filaye, ya sake awo, kar ka yarda da "ai nan ne iyaka" na mai gadi ko na wanda ya sayar maka. In katanga ta zauna gaba ɗaya cikin filin maƙwabci tashi ce, ba ka da komai a jikinta ko da shekara ashirin kana shanya a kanta. In ta hau kan iyaka rabi da rabi, ko kun haɗa kuɗi kun gina, ta tarayya ce. Dokar Nijar da muka gada daga ta Faransa ma haka take kallon abin, katangar da ke tsakanin gida biyu ana ɗaukarta ta tarayya sai in takarda ko wata alama ta nuna ta mutum ɗaya ce, gyaranta yana kan ku biyu, kuma ba ka da ikon huda ta ko ɗora mata gini ko buɗe taga a jikinta sai da yardar ɗayan.

Wasu sukan kawo hadisin da ya ce kada mutum ya hana maƙwabcinshi kafa itace a bangonshi. Hadisi ne ingantacce, amma malamanmu na Malikiyya sun ɗauke shi a matsayin abin da ake so mai bango ya yi don kyautatawa, alƙali ba ya tilasta shi, kuma akwai ɗayan da ya ce ba cuta ba cutarwa. Azara guda da za a kafa a bango daban, dal, wato rufin beto (kankare), mai nauyin tan da yawa daban. Sai kuma wanda ya fi ba ni tsoro, na wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasar wani da zalunci za a rataya mishi ita har ƙasa bakwai. Mutane na tuna shi a kan bangon da ake gani, suna mantawa da fondasiyo da ke ƙarƙashin ƙasa, alhali in tushenka ya fi bangonka faɗi ya kutsa santi 15 cikin filin wani, ka ci ƙasarshi ke nan ko da ba wanda ya gani, kuma ranar da ya tashi nashi gini zai tarar da betonka.

Saboda haka ka je ka same shi tun kafin a sauke yashi a ƙofar gida, kar ya fara jin labari daga ƙarar diga. Ka tafi da babba in shi babba ne, ka gaya mishi abin da za ka gina, tsawonshi, ina ruwan rufi zai zuba, yaushe za a fara. Ku zagaya tare ta ɓangarenshi ku duba katangar, duk tsagar da ke jiki ka ɗauke ta hoto da waya a gabanshi, don gobe kar a ce aikinka ne ya kawo ta, kuma in aikinka ne ya kawo sabuwa kai ma ba ka da bakin musu. Abin da kuka yarda a rubuta a takarda, shaidu biyu, mai unguwa ya sa hannu. Na san wasu na ganin kamar rashin yarda ne, amma ku biyun ba za ku dawwama ba, magada ne za su zo su tarar da bango ba su san yadda aka yi ba. In gidan haya ne mai gidan za ka nema ba ɗan haya ba. Takardar izinin gini ta meri, wato ofishin magajin gari, ita ma a nema, musamman in etaj ne, wato bene.

Yanzu ga shawarar da nake ba kowa kuma ba na sassauta ta: ko ya yarda, kar ka mai da katangar iyaka bangon ɗakinka. An gina ta ne ta ɗauki kanta kawai, ta tare ido da dabbobi. Ta ƙasa gindinta bai da zurfi, ta bulo kuma sau da yawa bulo mai kaurin santi 15 ne mai rami wanda aka buga da yawa a buhu ɗaya, tushe santi 30 ko 40, poto, wato ginshiƙan beto, nesa da nesa ko ma babu. Ka ƙara mata layi biyar ka ɗora rufi, shekara ɗaya biyu sai ka ga tsaga ta taso daga kusurwa kamar matakala. Kuɗin bango guda da kake ganin ka rage za ka biya su ninki, da zumunci a kai. Ka gina naka bango da nashi tushe cikin filinka, ya tsaya da ƙafarshi ko da gobe maƙwabci ya rushe tashi katangar.

To zurfi nawa? Duk maginin da ya faɗa maka lamba bai tona ba, ƙiyasi yake yi. Ƙasar Damagaram ba iri ɗaya ba ce, kowa na ganin duwatsun Birni, wani wuri ka sara kamu ɗaya ka ci karo da dutse, wani wuri rairayi ne mai zuba, wani wuri laka ce, wani kuma tsohon kududdufi ne da aka ɗebi ƙasar gini a ciki shekaru aru-aru sannan aka cike da shara aka daddale aka sayar. Gida biyu a layi ɗaya sai ka ga ƙasarsu ta bambanta. Don haka a fara da ramin gwaji, aƙalla uku, biyu a kusurwoyin da za a yi ɗakin, ɗaya ɗan ƙarami a gindin katangar, faɗin kamu ɗaya ya isa, a tona a hankali da hannu har a ga inda tushenta ya tsaya, a auna a rubuta, a mayar da ƙasa ranar. Wannan lambar ita ce za ta juya dukan aikin. Haka za a yi wa tsohon ɗakin da za a haɗa da sabon.

A sauran ramukan ka duba abin da ke fitowa. Baƙar ƙasa mai saiwoyi ta sama ba a gini a kanta. In kana ganin leda, toka, tsingaro, ƙashi, tsumma, cike ne, a ci gaba da tono har sai an wuce shi an tarar da ƙasar asali ko da ya kai metir biyu, in kuwa ya ƙi ƙarewa a tsaya a kira injiniya, wannan ya fi ƙarfin ido. Ka ɗauki guntun ƙarfen gini mai kaurin milimita 12 ka danna a gindin ramin da ƙarfinka, in ya shige kamar cikin tuwo ba a iso ba. Ka jiƙa ƙasar ka murza a tafin hannu, in ta yi igiya tana danƙo laka ce, ita kuma laka kumbura take da damina ta tsuke ta tsage da rani, tana ɗaga gini tana saukewa duk shekara, don haka ana wuce inda jiƙa da bushewa ke kaiwa, metir ɗaya zuwa sama. A ƙasa mai tauri, jar marmara ko rairayi da ya daddale, ɗaki marar bene mai rufin kwano galibi santi 60 zuwa 80 ake yi, faɗi 40 zuwa 60. In dal za a zuba, ko kana da niyyar etaj ko da nan da shekara goma ne, ka faɗa tun yanzu a yi lissafin poto da tushensu, ba a ƙara wa fondasiyo ƙarfi bayan an rufe shi sai da wahala da kuɗi masu yawa.

Dutse kuma yana da nashi tarko. In duka ginin ya hau dutse alhamdu lillahi, a share shi a sassaƙe inda ya gangara ya yi kamar matakala a zuba. Matsalar ita ce rabi kan dutse rabi kan rairayi, ɓangaren rairayi zai ɗan zauna, na dutse ba zai motsa ba, sai bango ya karye daidai mahaɗa. Nan dole a faɗaɗa tushe ta wajen rairayi a ƙarfafa shenaj, wato ɗamarar beto da ƙarfe da ke ɗaure gini, ko a raba ginin biyu a wurin.

Ga inda muka yi kuskure, kuma nan nake so a tsaya a karanta da kyau. Nauyin katanga ba ya sauka ƙasa a miƙe kamar igiyar guga, bazuwa yake gefe da gefe, ƙasar da ke gefen tushe ita ma tana cikin masu riƙo. In ka tona rami a jikinta ka wuce gindinta ka cire mata kafaɗa ɗaya ke nan, sai ruwa ya shiga ya jiƙa sauran ta tafi. Ƙa'idar da aka koya min mai sauƙi ce: duk santi ɗaya da za ka nutsa ƙasa da gindin tushenshi, ka ja baya aƙalla santi ɗaya, in rairayi ne mai zuba ɗaya da rabi. Misali tushenshi ya tsaya a 40, kai kana bukatar 90, bambanci 50, to bakin raminka ya nisanci tushenshi da santi 50 zuwa 75. In ƙasa mai kyau tana nan daidai zurfin nashi tushen, shi ke nan ka huta, ku daidaita.

Na san abin da za a ce, fili ya yi kaɗan, wa zai bar santi 75 a banza. To akwai hanya amma tana son haƙuri. Ba a tona ramin gaba ɗaya, ana raba shi gaɓa-gaɓa kamar metir ɗaya ɗaya, a tona na farko a tsallake biyu a tona na huɗu, a sa ƙarfe a bar bakinshi ya leƙo don haɗi, a zuba beto ranar, a bari ya kama kwana biyu uku sannan a dawo kan na kusa da shi. Katangar a tokare ta da katako ta ɓangaren biyu, kuma a roƙi mutanen gidan su janye yara da dabbobi da shimfiɗa daga jikinta har a gama. Wata hanyar kuma a ja poto ciki nesa da katangar, a bar katangar da ƙasarta, shenaj na ƙasa ya ɗauki bango. Sannan tunda tushenka ba zai shiga filin wani ba, bangon zai zauna a bakin tushen ne ba tsakiya ba, irin wannan tushen yana son ya karkata, don haka ake ɗaure shi da wani shenaj zuwa poto na ciki ya riƙe shi. Wannan wurin kam kuɗin injiniya ba asara ba ne. In kuwa katangar ƙasa ce da ta riga ta gaji, gindinta ya zaizaye, wallahi gara ku zauna ku yarda a sauke ta da hannu a sake, a sa zana ko kwano na ɗan lokaci don sutura, kai mai aiki ka ɗauki kaso mafi yawa. Mu daga ƙarshe haka muka yi, sai dai bayan ɓarna.

Kuma dan Allah kar a buɗe rami jikin katanga da damina. Ruwan da muke samu a shekara ba shi da yawa, wajen milimita 400 ne da ɗoriya, amma mafi yawanshi a Yuli da Agusta yake sauka, wani lokaci na sati biyu ya zubo a dare ɗaya. Mun ga daminar 2024, a watan Satumba tsohon masallacin Birni da ya haura shekara 170 a tsaye ya rushe bayan ruwa, balle katangar gida da aka tone wa gindi. Daga Nuwamba zuwa Mayu ga lokaci nan isasshe. Kuma kar a sa diga sai siminti da ƙarfe da tsakuwa suna cikin gida.

Wajen zubi ba zan tsawaita ba, magina sun sani, mai gida ne ya kamata ya sa ido. A share gindin rami a zuba beto mai sauƙi kamar santi 5 don ƙarfe kar ya kwanta kan ƙasa. Beton da ke ɗauke da ƙarfe kilo 350 na siminti ake so a kowace metir kib, wato buhu 7, a aikace buhu ɗaya baro ɗaya na yashi baro biyu na tsakuwa, ruwa kamar lita 25, kar a tsinka shi ya zama kunu don lebura ya ji sauƙin juyi. Ƙarfe 10 ko 12, zobe na 6 duk santi 15 zuwa 20, kuma beto ya rufe ƙarfen da santi 4 ko 5 ta kowane gefe in ba haka ba tsatsa ta cinye shi a ɓoye. Daga tushe zuwa sama da ƙasa bulo marar rami ake sa wa, a ɗaga daɓe ya fi hanya tsawo da santi 30 ko 40 saboda hanyoyinmu tasowa suke shekara shekara, a shimfiɗa baƙar leda mai kauri kafin a ci gaba da bango don danshi da gishiri kar su hau. A shayar da beto safe da yamma kwana bakwai, na san halin ruwa a garin nan da kuɗin ƴan garuwa, amma a sa shi cikin lissafi tun farko kamar siminti, a rufe da buhunan da aka jiƙa don ya rage sha. Sai ya yi kwana 28 yake cika ƙarfi.

Inda sabon gini ya haɗu da tsoho kar a sarƙe su da haƙora a ce ai ya fi ƙarfi. Tsohon ya gama zama tuntuni, sabon yanzu zai fara, in ka ɗaure su ɗaya zai ja ɗaya. A bar tsakani kamar santi 2, a cusa farin soso irin na kwalin firji, a rufe bakin.

Tsakanin bangonka da katangar maƙwabci ma haka, amma nan akwai abin da ake yawan mantawa, saman. In ka bar ɗan lungu a buɗe ruwan sama zai dinga shiga ba ya fita, rana ba ta kai wa, katangar ƙasa sai ta narke daga ciki ba wanda ya gani, ga ɓeraye da kunamu sun samu gida. Ko dai a rufe saman da hular siminti ko kwano da ya karkato wajenka, ko a bar lungu mai faɗin da mutum zai shiga ya share, a daɓe shi a ba shi mafita. Indararo ya zuba cikin gidanka ko kan hanya, ba kan katangar ba kuma ba cikin gidanshi ba, rigimar maƙwabta da yawa da ke kai wa gaban mai unguwa daga nan take farawa. Taga da za ta kalli gidanshi kai tsaye doka na son tazarar metir 1 da santi 90 daga iyaka, ni dai ko tazarar ta cika gara a ɗaga ta sama da kai, iska ta shiga ido bai shiga ba, akwai iyali a ciki.

Salga da ramin ruwan wanka su ma a tambaya ina nashi suke kafin a ja layi, don tsofaffin gidaje sau da yawa a jikin katangar baya ake tona su, wata an rufe ta shekara talatin an manta, ƙasar da ke kewaye da ita kuma ba ta da ƙarfi. Naka sabon ramin ka nisanta shi da kowane tushe, naka da nashi, gwargwadon zurfinshi ko fiye. In akwai dogon yaro kusa da layin a ƙasar laka, saiwarshi na tsotse danshi ƙasa ta tsuke ta wannan gefen, sai a ƙara zurfi a wurin, kuma in za a sare shi kar a sare yau a zuba gobe, ƙasar za ta kumbura bayan ya tafi, a bar ta ta ga aƙalla damina ɗaya. Mu a namu layin mun tarar da tsohuwar salga daf da kusurwar arewa, Baba ne ya nuna mana wurin da sandarshi kafin a sara, sai aka matsar da poto santi 80 aka tsallake ta da shenaj.